Gammon Ƙofa

Duk faɗin Germantown, garinmu a nan ƙasar Turawa, kai har ka haɗa da maƙwabtansa Landover da Alexandria, ban ga Bahaushen da Allah Ya ba wa hannu irin nawa ba. Ba yabon kai ba ne. Ni na gyara famfon banɗakinmu na sama da kaina, kuma ba don ruwan ya biyo ta sili ya sauko falo ba, da har yau ana labarin gyaran nan a masallaci. Ni na haɗa kantar littattafai ko kallon takardar bayani ban yi ba, tana nan tsaye ƙyam, in dai ba a yi atishawa kusa da ita ba. Uwargida takan ce duk abin da na taɓa sai ya canja kama. Ni dai a yabo nake ɗaukar maganar.

To, unguwarmu gidaje ne a jere, manne da juna, ƙofa na kallon ƙofa. Mutanen nan kuwa suna da wata al'ada: ba sa barin ƙofa haka nan. Sai sun naɗa wani zobe na ganye da furanni, faɗinsa kamar murfin tukunyar biki, sun rataya a tsakiyarta. Da bazara na furanni, da kaka na jajayen ganye, da sanyi na kore. 'Ya'yana suna da sunan da suke kiransa da Turanci. Ni tun ranar da na fara ganinsa na ce wannan ai gammo ne, sai dai ba a ɗora masa tulu. Sunan ya bi shi a gidanmu, gammon ƙofa.

Kakar bara, wata Asabar da hantsi, uwargida za ta tafi barkar haihuwa Alexandria. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta dubi layin gaba ɗaya. Kowa ya rataya gammonsa, wasu har da kabewa a kan matakala.

"Ƙofarmu ce kaɗai tsirara," in ji ta. "Kamar gidan da aka tashi."

Ba ta ce in yi komai ba, wannan shaida zan yi mata ko a gaban alƙali. Magana ce kawai ta faɗa ta shiga mota. Amma ni a kunnena sai na ji kamar an yi shela ana neman gwani.

Na haɗa shayi, na buɗe waya na sami wata baiwar Allah tana koyar da abin a bidiyo. Ta ce kafin shayinka ya huce ka gama. Abu uku take buƙata: ganyen roba, bindigar gam mai narkar da shi da wuta, sai zoben da za a liƙa ganyen a kai. Na shiga gareji na tono jakar ganyen roba da bindigar gam da ƙaramar 'yarmu ta yi aikin makaranta da su. Saura zobe. Kanti yana nan, ba nisa. Amma duk wanda ya taɓa hawa titin 270 ranar Asabar ya san mutum kan shiga da baƙin gashi ya fito da furfura. Na ce ina, mai hannu ba ya sayen zobe.

Na gwada wayar rataye riga, ta fito kamar ƙwai. Na gwada kwali, ya langaɓe. Har murfin kwandon shara na ɗaga na auna. Daga nan na hau sama na taka kujera ina laluben saman kabad ɗin uwargida, inda ake ajiye akwatunan tafiya. Can ƙurya hannuna ya taɓa wani abu mai faɗi, naɗe cikin tsohuwar atamfa, an ɗaure bakin da kyau.

Mai hankali da ya ga abu a naɗe, a ɗaure, a ƙurya, zai tsaya ya yi tunani. Ni murna na yi. Na kwance, sai ga faifai. Tsoho, ya koɗe, launinsa ya koma kamar na ƙasa. Gefe ɗaya ya lotsa, kabar wurin ta kakkarye, kamar wani abu mai nauyi ya taɓa danne shi. Na ce ka gani, wani sakarai ma ya riga ni lalata shi, ni taimakonsa zan yi.

Na sauko da shi teburin kicin, na kifa kwanon shan miya a tsakiya, na zagaye da biro, na ɗauko wuƙar yankan kafet. Kaba ta yi gardama, na danna. Tsakiyar ta ɓalle ta faɗi ƙasa, ta yi 'yar birgima ta kife.

Da na sunkuya ɗauka, sai na ga bayanta. Can rana ba ta ci launin ba. Tauraro ne na shunayya da kore, da ɗigon ja a cibiya.

Na san tauraron nan.

Ranar da na fara zuwa zance gidansu uwargida a Kano, ina saurayi, wuyana kamar na zalɓe, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Ƙanwarta ta fito da kwanon fura, an rufe shi da sabon faifai. Yarinyar ta ce, "In ji Inna, a sha ruwa." Na ɗaga faifan na ajiye, na sha, na zuba zance ran nan kamar an buɗe madatsar ruwa. Na sha gaya wa 'ya'yana cewa tun daga wannan yammacin gidan kakarsu gaba ɗaya ya san an yi babban kamu. Faifan kuwa Inna ce ta ɗinka shi da hannunta. Da aka zo kai amarya ta sa shi cikin kayan ɗaki. Da za mu taho ƙasar nan, tasoshi da kwalla da gado duk an bar su. Shi kaɗai ya kwanta a ƙasan akwati.

Inna ta rasu muna nan. Aka bugo waya, kafin mu gama tambayar jirgi an dawo daga maƙabarta. Uwargida ba ta ga gawarta ba, ba ta zauna zaman makokin ba. Hotuna tana da su. Amma abin da yatsun Inna suka taɓa, suka murza, suka ja, ɗaya ne tak a wannan nahiyar. Ga shi a hannuna gida biyu.

Na zauna a ƙasan kicin. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in naɗe su, in jira ta dawo, in faɗa. Amma zuciya ta ce mini, Malam, ɓarnar ta riga ta auku, in ka tsaya yanzu ba faifai ba gammo. Na jona bindigar gam. Na liƙa ganye, na ƙara ganye, na ƙara a kan na ƙarin, har sai da ko silin kaba ɗaya ba a gani. Gam ya ƙona mini yatsu, na ce ya yi daidai. Na yanka kwali daidai girman faifai, na naɗe shi cikin atamfar na mayar saman kabad. Tsakiyar kuwa na kai mota, na tura cikin aljihun gaba ƙarƙashin takardun inshora. Na buga ƙusa na rataya.

Matar bidiyo ba ta yi ƙarya ba, shayina bai gama hucewa ba.

Abin haushin shi ne ya yi kyau. A duk ayyukan hannuna na duniya, shi kaɗai ne ya fito yadda ake so. Uwargida ta dawo da la'asar, ta tsaya a kan matakala riƙe da jaka.

"Baban yara, a ina ka sayo?"

"Ni na yi."

"Rantse."

"Hajiya, sai na rantse a kan ganyen roba?"

Ta matsa kusa. Ta shafa wani ganye da ɗan yatsa. "Kai! Ashe dai akwai ranar da za ka taɓa abu ya gyaru." Ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayenta. Kafin magariba matan Landover sun fara tambaya ko ana yi wa mutane. Tsohuwar Baturiyar da ke kallon gidanmu ta tsallako takanas ta ce namu ya fi na kowa a layin. Da a ce wata rana ce, da yabon nan ya ɗaga ni sama, sai an kira 'yan kwana-kwana kafin a sauko da ni. Ran nan murmushi kawai na yi, irin na mai ciwon haƙori.

Daga nan na zama mai gadin ƙofa. Iskar kaka ba ta da mutunci. Kullum da safe sai in tarar ganye ɗaya ko biyu sun zube, kaba ta leƙo. Kafin uwargida ta fito, na durƙusa da bindigar gam ina toshewa. Ciki kuma, inda na yanka, ɗinkin ya fara warwarewa a hankali, don faifai daga cibiya ake fara shi, in aka cire cibiyar babu abin da ke riƙe sauran. Wani kurege ya gano wurin, ya riƙa zuwa yana jan zaren kaba. Na bi shi da tsintsiya har bakin titi, da jallabiya, maƙwabta suna kallo ta taga.

Sau nawa a rana take wucewa ta ƙarƙashin abin nan? Za ta aiki, ta dawo, za ta kanti, ta dawo. Wani lokaci har ta ɗan daidaita shi in ya karkace. Duk sanda hannunta ya kai wurin sai in ji kamar ni ake daidaitawa.

Na shiga wanke kwanuka ba a sa ni ba. Na share gareji. Na sayo mata turare ba Sallah ba, ba komai ba. Wata safiya ta ajiye cokali ta dube ni.

"Malam, ka je asibiti ne kwanan nan?"

"A'a. Me kika gani?"

"In likita ya gaya maka wani abu, ka faɗa mini. Wannan kirkin ya yi yawa."

Na yi dariya har da buga tebur. Na shiga mota na buɗe aljihun gaba na kalli tauraron Inna, dariyar ta tsaya.

Na yi ta shirya yadda zan faɗa mata. A kan hanyar ofis na tsara jawabin tsaf, da gabatarwa da addu'a. In na dawo na ga fuskarta, sai in ce gobe. Na ma yi tunanin in sa a aiko mini da wani faifan daga Kano in shanya shi a rana ya koɗe. Amma macen da ke gane an taɓa mata gishiri ba za ta gane ɗinkin uwarta ba?

Ana cikin haka maganar auren babbar 'yarmu ta taso. Yaron ɗan mutunci ne, iyayensa suna Alexandria. Aka ce mata za su kawo kayan sa rana. Gida ya kacame da shiri. Uwargida ta je Landover ta sayo gero da kayan yaji, ta ce fura za ta dama wa baƙi da hannunta, ba lemon kwalba ba.

"Kuma da faifan Inna zan rufe," ta ce, tana tsince gero. "Yadda aka yi mana. Tunda ba ta ga jikarta ta girma ba, ko faifanta ya gani."

Na ƙware da ruwan da nake sha.

"Hajiya, ai akwai kwanukan nan masu murfin gilashi. Na zamani. Mutanen Alexandria 'yan boko ne."

"'Yan boko ba su da iyaye?"

"Ina nufin ƙura. Tsohon abu, kin san ƙasar nan da atishawa."

"Zan goge shi."

Washegari a wurin aiki, lokacin cin abinci, abokan aiki suka tafi kantin cin abinci, ni na zauna a mota da tsakiyar faifan a cinya ina juya ta. Na sayo allura da zaren kamun kifi, wai in na ɓare ganyen zan mayar da ita in ɗinke. Ina sa allura bakin ya ƙara zubewa. Wani abokin aikina ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaya ko lafiya. Na ce masa addu'a nake yi. Ban yi ƙarya sosai ba.

Ranar Asabar ta gaba, ana saura kwana kaɗan baƙi su zo, ina falo na ji ƙarar jan kujera a sama. Ban taɓa hawa bene da gudu irin na ran nan ba. Na same ta ta ɗora ƙafa ɗaya.

"Hajiya, sauko."

"Riƙe mini kujerar dai."

"Faifan ba ya nan. Kwali ne a ciki."

Ta sauke ƙafar a hankali. Ban iya jawabin da na tsara ba, ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Na sauka na ciro gammon daga ƙofa, na kawo teburin kicin, ta biyo ni. A gabanta na fara ɓare ganyen. Gam ya kama sosai, kowane ganye sai ya taho da ɗan kaba. Da zoben ya fara bayyana, ta jawo kujera ta zauna.

Wallahi da ta yi ihu da na ji daɗi. Da ta jefe ni da ludayi da na gode. Ba ta yi ba. Ta sa hannu a ramin da ke tsakiya, ta zagaya bakin da yatsa, inda wuƙata ta bi.

"Tun ranar barkar nan?"

"Tun ranar."

"Ina wucewa ta ƙarƙashinsa."

Na tattara ganyen da na ɓare gefe guda.

"Har hoto na ɗauka," in ji ta.

Can ta ce, "Ina tsakiyar? Ko ka yar?"

Na fita ba takalmi na ɗauko. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya bayan, ta daɗe tana kallon tauraron. Ta ɗora babban yatsa a kan ɗigon jan.

"Nan ta fara," ta ce. Ba da ni take ba. "Da haƙori take riƙe kabar in za ta ja. Ina zaune kusa da ita ina tsefe kai."

Ta kai shi hanci. Ni na san ƙamshin da ke jiki, na turaren mota ne da takardun inshora. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Na ce ta yafe mini. Na ce ban gane shi ba sai da na yanka. Ta ce ta sani, da gangan ko ni ba zan yi ba. Wannan "ko ni" ɗin ya fi mari zafi.

Na tambaya ko in kai zoben shara, don gam ya riga ya cinye shi. Ta dube ni karo na farko tun da ta zauna.

"Hannun Inna ne a ciki."

Ta ɗauko atamfar, ta fitar da kwalina ta miƙo mini, ta naɗe zoben yadda yake, da guntayen ganyen robarsa, ta ɗaure.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. "Ina kwana." "Abinci yana kan tebur." Shi ke nan. Ni da ba na iya cin tuwo ba da labari ba, sai ƙarar cokali. Ƙaramar 'yarmu ta ja ni gefe ta tambaye ni da Turanci me na yi wa Mama. Na gaya mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Haba, Abba." Da Hausa ta faɗa, ita da sai an matsa take Hausa. Da yamma nakan hango uwargida kusa da taga, da tabarau da allura, tana bin bakin 'yar tsakiyar nan da baƙin zare, ɗinki kusa da ɗinki, don kada ta ƙara warwarewa. Ban kuskura na ce zan taimaka ba.

Ranar ta zo. Ƙofarmu ba komai sai ƙusa. Mata suka cika falo, ana guɗa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta, aka jera goro da alawa. Babban kwanon fura da murfin gilashi aka rufe shi. Yaron shi ya tuƙo gwaggonninsa, amma kunya ta hana shi shigowa, ya zauna cikin mota a bakin titi. Ina kicin ina fakewa da yanka kankana, uwargida ta shigo. Ta zuba fura a kofi ɗaya. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko tauraron Inna ta ɗora a kai. Ya rufe bakin kofin cif, kamar don shi aka yi. Ta kira ƙaramar.

"Kai wa yayanki a mota. Ki ce in ji Mama, a sha ruwa. Ki tsaya ki karɓo murfin a hannunsa, kada ki bari ya ajiye shi a kan kujera."

Na leƙa ta taga ina kallon yarinyar tana sauka matakala a hankali, hannu biyu a kan kofin. Na yi ta yanka kankana har ta koma kamar an yi wa jarirai.

Bayan baƙi sun watse, muna tattara kwanuka mu biyu, na ga fuskarta ta ɗan sake. Ni kuma halina, in na ga ƙofa ta buɗe kaɗan sai na sa kai.

"Hajiya, ba don komai ba, kin lura yadda ya zauna a bakin kofin nan? Yankan fa ya fita. Ko injin yanka..."

Ta ɗago. Na haɗiye sauran.

Can na ce, a hankali, "Da Inna tana raye, kina ganin za ta yafe mini? Kin san tana ji da ni tun ranar farko."

Ta ci gaba da goge kwano.

"Ka ga lotsawar nan da ke gefensa?"

"Na gani. Ita ce ma ta yaudare ni. Na ce wani sakarai ya riga ya..."

"Ranar da ka fara zuwa zance, ka ajiye shi a kan tabarma, kana surutu kana matsawa, kana surutu kana matsawa, har ka zauna a kai. Ba ka tashi ba sai kiran isha'i. Da aka mayar da shi cikin gida, Inna ta juya shi ta ce, wannan yaron ku ba shi lokaci, ko ba yau ba sai ya ƙarasa shi."